Kowa Ya Raina Tsayuwar Wata, Ya Hau Ya Gyara

Malam, ajiye kofin nan, da kai nake. Kai ɗin dai na majalisar bakin tasha a Baure, mai dariya har da dukan cinya in an kunna Gidan Badamasi, mai taɓe baki in an gama kana cewa, "Wai don Allah wannan ma sana'a ce? Ƙarti da gemunsu sun taru suna shashanci." To, shashancin da ya sa ka ƙware da shayi jiya, shi za mu baje yau. Kuma ba ƙartin da kake gani a allo na zo karewa ba, bakinsu ya ishe su. Waɗanda ba ka gani nake nufi, mai rubutawa da mai shiryawa.

Bari mu fara da 'yar jarrabawa. Wa ya fito a Alhaji Badamasi? Ka ce Magaji Mijinyawa. Madalla. Yaya Ɗankwambo fa? Nura Ɗandolo, har ka faɗa ban rufe baki ba. To, wa ya rubuta shirin? Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Nazir Adam Salih ne, mutumin Kano, wanda ya daɗe yana rubuta littattafan Hausa kafin ya tsunduma rubutun fim. Falalu A. Ɗorayi ya ba da umarni, Arewa24 ta fara haska shirin a 2019. Kowane mako sunayensu sai sun gilma a allo, daidai lokacin da kai kuma ka duƙa kana laluben takalminka.

Ka ce ai dariya ba a rubuta ta, baiwa ce, Allah ke ba mutum? Wa ya musa maka? Ibro baiwa gare shi, tsayuwarsa kaɗai ta isa ta kayar da mutum daga kan kujera. Zan ma ƙara maka makami, don kada ka ce na yi maka rowa. A zamanin diramar gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Sakkwato da Jos, haka ma a yawancin fina-finan camama, ba kowace kalma ake rubutawa ba. Mai shiri ya zo da ƙashin labari, ya ce wane kai ne mai gida, wance ke ce uwargida, ga abin da ya haɗa ku, ga inda za a tsaya, sauran kuwa kowa ya ciro daga cikinsa. Na ga ka fara murmushin nasara. Dakata, kada ka yi saurin kiran makaɗa. Shi wannan ƙashin labarin daga sama ya faɗo? Wa ya yanke cewa mai gidan marowaci ne, uwargidan kuma ta san inda yake binne kuɗinsa? Ɗan wasa guga ne, ya iya jawo ruwa, amma sai wani ya riga ya haƙa rijiyar.

In kana ja, ɗauki Mista Bin, Baturen Ingila da yaranka suke kallo a waya har cajin ya ƙare. Da ƙyar yake buɗe baki. Ka ce to wannan me za a rubuta masa? Richard Curtis da Robin Driscoll, tare da shi Rowan Atkinson ɗin da ke fitowa a Mista Bin, su suka zauna suka tsara kowane tuntuɓe da kowace harara. Daga 1990 zuwa 1995, kashi 15 kacal suka fitar. Kusan shekara shida, kashi 15, a kan mutumin da ba ya magana! Kai da ba ka rufe baki daga asuba zuwa isha, kashi nawa ka fitar?

Ka ce kai ma kana ba majalisa dariya, har mutane su riƙe ciki? Na yarda, ranka ya daɗe. Amma bari in tambaye ka, wa ke biyan kuɗin shayin? In kai ne, to rabin dariyar nan ta madara ce. Sauran rabin kuma saboda sun san wanda kake kwaikwayo, sun san tafiyarsa, sun san ranar da jakinsa ya kayar da shi a hanyar Babban Mutum. Marubucin talabijin ba shi da wannan gatan. Mai kallonsa yana Sakkwato, yana Maraɗi, yana zangon Kumasi, yana Jidda, bai san jakin ba, bai san mai jakin ba, kuma rimot na hannunsa. Kai in labarinka ya faɗi ƙasa, sai ka ce "ku dai ba ku gane ba ne," a wuce. Shi in nasa ya faɗi, an canza tasha. Kai labari uku gare ka, tun zamanin Shagari kake juya su. Shi kuwa ana jiran sabo kowane mako, in zango ya ƙare a ce ina na gaba, kuma ba Zangon Daura ake nufi ba balle ya hau mashin ya je ya ɗauko.

Tunda ka ce abu ne mai sauƙi, zo mu ƙera fitowa guda tare, yanzun nan. Ga Tanko, mahauci na bin sa bashin naira dubu uku na balangu. Ya hango mahaucin tafe, ya ruga ya ɓuya bayan rumfa, mahauci ya kama shi. Ka yi dariya? Ko ni ban yi ba. Wannan ba barkwanci ba ne, rahoton 'yan sanda ne. A nan marubuci zai ciji alƙalami ya tambayi kansa, ina ne wuri mafi muni da mai gudun bashi zai faɗa? Bayan rumfa bai yi ba. Masallaci, a'a, kada a jawo wa kai magana. To, taron ɗaurin aure. Tanko ya kutsa cikin jama'a, don tsabar son ɓuya ya wuce har tabarmar gaba, ya zauna tsakanin dattawa yana gyara hula. Waliyyin ango bai iso ba, kowane ɓangare ya ɗauka Tanko na ɗaya ɓangaren ne. Liman ya dube shi ya ce, "Alhaji, bismilla, a fito da sadaki."

Ka fara motsa baki, na gani. Amma ba a gama ba. Marubucin kirki zai koma baya ya dasa wani abu tun farko: lokacin da Tanko ya hango mahaucin, babbar riga ce a jikin mahaucin, ba rigar aiki ba. Mai kallo ya gani, Tanko bai lura ba. Ashe mahaucin ba biyo bashi ya fito ba, ɗaurin auren 'yarsa ya nufa. Ga shi ya iso, an buɗa masa wuri, ya zauna gwiwa da gwiwa da Tanko. Yanzu me mahaucin zai ce? In ya daka tsawa, an ɓata wasan. Marubuci zai rubuta jimla biyar ya soke huɗu, ya bar wadda mahaucin zai faɗa a hankali, cikin ladabi: "A haɗa da dubu ukun nan, Alhaji, a yi lissafi ɗaya." Sannan a rubuta cewa kyamara ta tsaya a fuskar Tanko, kada kowa ya yi magana. Wannan shirun ma rubuta shi ake yi. Minti uku ke nan muka samu. Saura minti ashirin da wani abu kafin kashi ɗaya ya cika, saura kashi goma sha biyu kafin zango ya cika. Ina ka nufa? Dawo ka zauna, ai kai ka ce wasa ne. Wasa farin girki!

Ka ce to marubuci ka ji nasa, amma shi furodusa me yake yi ban da yawo da jaka a hammata da amsa waya? Kai, Malam, ka ji tsoron Allah. Wannan ɗaurin auren da muka rubuta a kyauta, shi zai biya shi. Dattawa ashirin na kan tabarma, kowa da babbar riga, kowa sai ya ci abincin rana. Gidan da aka ara, mai shi ya ga kyamara ya tuna cewa kuɗin da aka yi da shi jiya na tsakar gida ne, ƙofar gida kuɗinta daban. An tayar da janareta, mai ɗaukar sauti ya ce ƙararsa na shiga, a ja shi nesa, waya kuma ba ta kai ba. An samu waya, liman ya buɗe baki ke nan akuyar maƙwabta ta amsa masa. An kori akuya, yara sun yi layi a kan katanga suna kiran sunan jarumi. An lallashi yara, aka kira la'asar. An dawo daga salla, rana ta juya, inuwar da ke bayan Tanko ta koma gabansa, dole a ƙarasa gobe. Gobe Tanko ya iso daga wani lokeshan da sabon aski, alhali jiya da suma ya zauna a tabarmar. Duk wanda ya ga wannan a allo zai kira shi ganganci, kuma ba akuyar za a zaga ba.

Shi ya sa marubuci da furodusa ba sa rabuwa da faɗa. Marubuci ya rubuta, "Alhaji ya sauko daga jirgi." Furodusa ya duba aljihu ya gyara, "Alhaji ya shigo falo yana ba da labarin jirgi." Wanda ya haɗa sana'o'in biyu kuwa, da dare ya rubuta jirgin, da safe ya soke shi da hannunsa, ba shi da wanda zai yi wa fushi. Kuɗin kuma ta ina? Ko dai tasha ta ɗauki nauyin shirin ya zama nata, ko furodusa ya yi da kuɗinsa ya sayar mata da izinin haskawa, ko ya sayi lokaci a tashar ya bi kamfanoni yana roƙon talla, ko ya ɗora a YouTube ya zauna yana ƙirga masu kallo. Da can kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ke raba kaset da faifai, masu satar fasaha suka durƙusar da wannan hanyar. Kai da ake tura maka kashi goma a waya kan 'yan canji a shagon caji, kada ka waiga, ba da kowa nake ba.

Ka ce ai aikin waɗanda boko ya kora ne, marasa abin yi, marasa asali? Subhanallahi! Riƙe hularka. Usman Baba Pategi ɗan gidan sarautar Pategi ne a Jihar Kwara. Ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, ya shiga soja a zamanin yaƙin basasa, daga abin da idonsa ya gani a bariki ya ƙago Samanja Mazan Fama, ya fara a rediyo, ya koma talabijin. Hausar bariki gauraye da Turancin buroka, tsawa a filin fareti, laushi a gaban mai ɗakinsa ko a gaban hafsa. Ya rasu a Nuwamban 2023, har yau kuwa duk sajan mai gashin baki Samanja ake ce masa. Banufe ne fa, abokin wasan Katsinawa, ya zo ya yi shekaru yana ba ku dariya da harshenku. Ka ce ku Daurawa ne, wannan wasan bai shafe ku ba? Tun 1987 jiharku ɗaya, ku haƙura ku sha tare.

In kuma na gida kake so, ga Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda duniya ta sani da Kasagi. Ka san shi a allo yana ba ka dariya, amma shi ne ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna, littafin wasan kwaikwayon da ɗalibai suka yi ta karantawa a makarantun sakandare, aka kuma mayar da shi fim a farkon shekarun 1990. Watau wanda kake kira ɗan shashanci, ɗanka sai da ya haddace littafinsa kafin ya ci jarrabawar Hausa. Ga Yusuf Ladan, Ɗan Iyan Zazzau, mai Zaman Duniya Iyawa Ne, basarake da rawaninsa. Ga Kasimu Yero na Karambana, wanda ya yi wasa da Hausa ya yi da Turanci. Shi kansa Mista Bin da kake gani yana cusa kai inda bai dace ba, injiniyan lantarki ne, digirinsa na biyu daga Jami'ar Oxford. Kai da fitilar ɗakinka ta mutu tun watan jiya, har yau jiran yaro kake ya zo ya duba.

Ka ce to ko ma su wane ne, dariya dai ba ta gyara komai? Ashe ba ka yi tashe ba kana yaro? Ba kai ba ne ka manna gemun auduga, ka cusa tsumma a riga, ka bi gida-gida cikin azumi kana kwaikwayon dattawan unguwa a gaban idonsu, su yi dariya har su ba ka hatsi? Ran da ba tashe ba, gwada rabin wannan ka ga yadda sanda ke tashi. 'Yan kama sun yi shigar malamai sun yi ta jan baƙi a kan tuwo da fura, malaman na jin su. Taubasai suna gaya wa juna abin da in bare ya faɗa sai an je gaban alƙali. Hausawa sun daɗe da sanin cewa da wasa ake gaya wa wawa gaskiya. Talabijin, da ta iso Kaduna a 1962, gado ta tarar.

Dubi shi Gidan Badamasin da kyau. Attajiri ya yi ta auri-saki, ya watsa 'ya'ya a gari-gari bai san cinsu ba bai san shansu ba, ya tsufa a keken guragu, ga su sun taru kowa idonsa na kan dukiya. Cire dariyar ka gani, abin kuka ne. In liman ya faɗi wannan a huɗuba, wani Alhajin zai ce da shi ake, ya sauya masallaci. Amma ga shi a falonsa, shi da 'ya'yan, suna kallo suna ƙyaƙyatawa, kowa na satar kallon kowa. A Kudu ma haka Ken Saro-Wiwa, tsohon kwamishina a Jihar Ribas, ya rubuta kuma ya shirya Basi and Company a NTA cikin shekarun 1980, yana yi wa masu son kuɗin dare ɗaya dariya a tsakiyar mulkin soja. Kuma in dariya ba komai ba ce, me ya kai Ibro gidan yari a 2008, lokacin da kotun tafi-da-gidanka a Kano ta yanke masa wata biyu a zamanin tsananin Hukumar Tace Fina-finai? Tsohon gandiroba fa, aka mayar da shi wurin aikinsa ta ɗaya ƙofar. Hukuma ba ta ɓata lokacinta kan abin da ba ya shiga kunnen jama'a.

Ka ce amma akwai na banza a ciki? Akwai, har da na wofi. Akwai wanda in basira ta ƙare masa sai ya koma yi wa mai in'ina dariya, ko gurgu, ko Hausar wani ƙabila, ko ya sa a yi ta dukan mutum da muciya har minti biyar. Wannan alamar ba a biya marubuci ba ne, ko ba a ɗauko shi ba sam. Ka ga ke nan hujjarka tawa ce. In ka ga barkwanci ya yi tsami, kujerar mai rubutu ce babu kowa a kai.

Ka ce to in sana'ar kirki ce, ina gidajen benen marubutan? Nan kam ka taɓa inda ke ciwo. Jarumi ake tarewa a hanya a ɗauki hoto, shi ake kira talla, marubuci kuwa sau da yawa sallamarsa ake yi sau ɗaya, shiri ya yi ta yawo shekara da shekaru ba ya ƙara ganin ko sisi. Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, a 2023, marubutan fim da talabijin sun ajiye alƙalami kwana 148, shirye-shiryen barkwanci na dare suka tsaya cak, manyan masu gabatarwa da ake ɗauka daga kansu maganar ke fitowa suka koma gida suka zauna. Mai wayo a harkar shi ne wanda ya riƙe mallakar abin da ya ƙaga. Wale Adenuga da mujallar zanen barkwanci ya fara a 1976, daga cikinta ya ciro Papa Ajasco ya kai shi talabijin, yau yana da tasharsa da makarantar koyar da fim a Legas. Sanƙon Papa Ajasco ya gina abin da rawunan wasu ba su gina ba.

Saura hujjarka ta ƙarshe, na san ta tun kafin ka faɗa. Ka ce wannan harkar 'yan birni ce, Baure ta yi nisa, mu nan gero da wake muka sani. Nisa da ina? Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya na koyar da wasan kwaikwayo, Jos na da kwalejin talabijin ta NTA da makarantar fim, wayar da ke aljihunka kuma ta fi kyamarar da aka ɗauki Samanja da ita fitar da hoto. Daura ta samu jami'ar sufuri, ta samu kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, to a samu mai rubuta mana dariya mana. Kayan aikin ma a ƙofar gidanku suke zube. Kuna zaune a bakin iyaka, ƙafa ɗaya a Nijeriya ɗaya a Nijar, kawu a Magarya, gwaggo a Ɓaɓura, aljihun dama naira, na hagu sefa. Ga labari na ba ka kyauta: mutum mai mata biyu, ɗaya a wannan ƙetaren, ɗaya a wancan, aka wayi gari an rufe iyaka kamar yadda aka yi a 2023, shi kuma ranar girkin ta can ce. Rabon kwana ya koma hannun jami'an kan iyaka. Marubucin da ke zaune a Kano sai ya yi wata yana tunani bai kai nan ba, kai kuwa ka san mutumin, wataƙila ma ka san hanyar da yake bi da dare.

To bismilla, ga takarda ga alƙalami, kashi ɗaya tak nake nema kafin kasuwa ta sake ci. Ka ce ido ya yi rauni, hannu na rawa, ga aikin gona? Na karɓi uzuri. Miƙa wa yaron nan naka da kake kira sarkin surutu, wanda ke kwaikwayon hedimasta da mai unguwa har uwarsa ta saki ludayi don dariya, kai kuma kana daka masa tsawa wai ba zai yi albarka ba. Bar shi ya karanta, ya kalla, ya rubuta, ya soke, ya sake rubutawa. Sai dai ina ba ka shawara ta tsakani da Allah, ka fara kyautata masa tun yau, ka rage tsawa, ka ƙara kuɗin makaranta. Marubucin barkwanci daga gida yake fara ɗaukar jarumansa, kuma yaron nan ya riga ya iya tafiyarka.